Nazarin Lamari: Motsin Shafukan Gabatarwa a Jarrabawar Ƙwarewa ta Wata Injiniya

Wannan nazari ya shafi wata injiniya ce da ta daɗe tana aiki a sashen rarraba ruwan famfo, wadda ta nemi hukumar da ke kula da sana'arta ta yi mata rajista a matsayin cikakkiyar ƙwararriya. Ta riga ta miƙa rahoton aikinta a rubuce, abin da ya rage mata shi ne jarrabawar baka, inda za ta gabatar da aiki guda da ta jagoranta a gaban kwamitin mutum uku cikin minti 15, sannan su yi mata tambayoyi a kan abin da ta faɗa da abin da ta rubuta. Babu wanda ya taɓa aiki da ita da ke shakkar ta san aikinta, saboda haka iliminta ba ya cikin abin da za a duba a nan. Abin dubawa shi ne wata shawara da ta yanke tun da wuri ba tare da ta ɗauke ta da muhimmanci ba, wato ta sa rubutu da hotuna su riƙa motsi a shafukan da za ta haska, da irin abin da wannan shawarar ta jawo mata kafin ranar jarrabawa.

Aikin da ta zaɓa shi ne rage asarar ruwa a wani yanki na bututun rarrabawa. Hanyar da aka bi sananniya ce ga ma'aikatan ruwa. Ana yanka babban yanki zuwa ƙananan shiyyoyi ta hanyar rufe wasu bawul-bawul, a kafa mita a mashigar kowace shiyya, sannan a auna ruwan da ke shiga da tsakar dare, wajen ƙarfe 2 zuwa ƙarfe 4, lokacin da yawancin mutane ke barci kuma da wuya a buɗe famfo. Ruwan da aka ga yana ci gaba da shiga a wannan lokacin, mafi yawansa yoyo ne. Da aka gano shiyyoyin da suka fi zubar da ruwa, sai aka toshe inda ke yoyon, aka kuma sa bawul mai rage matsi, domin yawan abin da ke tsiyaya ta tsagar bututu yana ƙaruwa ne da ƙaruwar matsin ruwan. Labari ne mai matakai a jere, wannan na bin wancan, kuma shi ya sa ta ga kamar motsi zai dace da shi.

Yadda ta gina shafukan

Ta yi amfani da PowerPoint, ta shirya shafi 14. Manhajar ta fito ne a 1987 daga hannun Robert Gaskins da Dennis Austin, a wani ƙaramin kamfani mai suna Forethought wanda Microsoft ya saya a wannan shekarar, kuma a farkonta shafuka ne baƙi da fari da ake bugawa a kan leda mai shigar haske a ɗora wa majigi, babu abin da ke motsi a cikinsu. Sai da aka fara haɗa kwamfuta da majigi kai tsaye motsi ya samu wurin zama, har ya kai ga a yau manhajar tana da shi iri huɗu: na shigowar abu, na jaddada shi bayan ya shigo, na fitarsa, da na tafiyar da shi a kan wani layi da aka zana masa. Kowannensu kuma ana iya sa shi ya tashi ta ɗaya daga hanyoyi uku, ko dai sai an danna, ko tare da motsin da ya gabace shi, ko kuma shi da kansa da zarar na gabansa ya ƙare. Ban da waɗannan akwai sauyin da ke faruwa tsakanin shafi da shafi, wanda shi ma yana da nasa salon.

Injiniyar ta taɓa kusan dukkansu. Kowane layi na rubutu yana shigowa ne daga gefen hagu idan ta danna. A taswirar bututun, shiyyoyin suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, ɗigo ja yana ƙyaftawa a inda aka samu yoyo, ƙananan kibiyoyi shuɗɗa kuma suna bin layin bututu don nuna inda ruwa ya nufa. A shafi na 9, wanda shi ne zuciyar gabatarwar, jadawalin awon dare na kafin gyara, wato zanen da ke nuna awon da layuka a kan ma'auni, yana fitowa, ta yi bayani a kansa, sannan ya dusashe, na bayan gyara ya maye gurbinsa a daidai wurin da na farkon ya bari. Shafi na 11 kuwa ta sa masa jerin motsi mai tafiya da kansa, wanda ke nuna yadda matsi ke hawa da sauka cikin awa 24. Da aka ƙidaya daga baya, an samu motsi kusan 60 a cikin fayil ɗin, yawancinsu masu ɗaukar daƙiƙa biyu. Lissafin ba shi da wuya: minti biyu ke nan cur, fiye da kashi ɗaya cikin takwas na lokacin da aka ba ta, ana kallon abubuwa suna neman wurin tsayawa.

Ita a ɗakinta, tana maimaitawa ita kaɗai, komai yana tafiya daidai, domin ta haddace inda kowace dannawa take, kuma babu mai katse ta.

Zaman gwaji

Kwanaki kaɗan kafin jarrabawar, manyan injiniyoyi biyu da suka riga ta samun rajista suka yarda su zauna mata a matsayin kwamiti, suka kuma gaya mata tun farko cewa za su katse ta duk inda suka ga dama. Matsala ta farko ta bayyana tun a shafi na biyu. Idan ta danna, sai ta tsaya ta jira layin ya gama shigowa kafin ta yi magana, shirun ya yi yawa. Idan kuma ta ci gaba da magana yana shigowa, sai idanun mutanen biyu su bar ta su bi rubutun, abin da ta faɗa a wannan tsakanin ya wuce su. Ido ba ya iya ƙin kallon abin da ya motsa a gefensa, halitta ce, ba rashin ladabi ba. Ga shi kuma su biyun sun saba karanta rahotanni, suna iya cinye layi biyar da kallo ɗaya, amma an tilasta musu karɓar su ɗaya-ɗaya, har ɗayansu ya fara buga biro a kan tebur.

A shafi na 9 ne abin ya yi tsanani. Bayan jadawali na biyu ya maye gurbin na farko, babban cikinsu ya tambaye ta nawa ne awon dare ya ragu a shiyya ta uku, kuma ko ma'aunin gefen jadawalin biyu iri ɗaya ne. Tambaya ce mai kyau, irin wadda duk mai jarrabawa zai yi, domin idan ma'aunin ya bambanta, raguwar da ido ke gani za ta iya zama ta ƙarya. Don ta amsa, sai da ta koma baya, jadawali na farko ya dawo, na biyu ya ɓace. Ta sake zuwa gaba, na farko ya tafi. Sau da yawa ta yi wannan kai da komowa, mai tambayar yana ƙoƙarin riƙe lamba ɗaya a kansa har ɗayar ta fito, kamar wanda aka ce ya gwada tsayin sanda biyu alhali ana ɓoye ɗaya duk lokacin da aka nuna masa ɗayar. Amsar tana wurinta, kuma daidai take, ma'aunin iri ɗaya ne, amma shafin da ta gina da hannunta ya hana ta nuna hakan.

Daga nan sai ɗayan ya ce ta koma taswirar da ke shafi na 6. Maɓallin komawa baya a PowerPoint ba ya tsallake shafi, yana warware motsi ne ɗaya bayan ɗaya, don haka sai da ta danna fiye da sau goma, rubutu yana ta ɓacewa a gabansu, kafin ta isa. Na ƙarshe kuma, a shafi na 11, an yi mata tambaya jerin motsin yana tsakiyar tafiya, ta juya ta amsa, kafin ta waiwayo ya riga ya ƙare ba tare da ta yi bayanin ko mataki ɗaya ba. Ta kammala a minti 19. A jarrabawar gaske da an tsayar da ita tun kafin ta kai ga sakamakon aikin, wato ɓangaren da ta fi buƙatar kwamitin ya ji.

Abin da ke ƙarƙashin matsalar

Za a iya cewa rashin sabo ne kawai, ƙarin maimaitawa zai gyara. Ban yarda da wannan ba, domin uku daga cikin matsalolin huɗu sun taso ne daga tambayar wani, kuma ba a iya haddace tambayar da ba a riga an ji ba. Motsi a shafi yana ɗaure bayani ne a kan jeri guda da gudu guda, waɗanda mai gabatarwa ya zaɓa tun yana shi kaɗai. A lacca ko taron talla wannan ba laifi ba ne, tunda mai magana ne ke riƙe da akalar zaman. A jarrabawa kuwa akalar tana hannun kwamiti. Su ne ke cewa a tsaya, a koma, a tsallake, kuma wani ɓangare na abin da suke aunawa shi ne yadda mai neman rajista ke bi da su duk inda suka juya ba tare da ya ruɗe ba. Shafin da ba ya bayyana gaba ɗaya sai an bi shi mataki-mataki yana aiki ne kishiyar wannan.

Binciken masana ilimin koyo ya yi daidai da abin da aka gani a zaman gwajin. Tun a 1956 George Miller ya nuna cewa abin da mutum ke iya riƙewa a kansa a lokaci guda ɗan kaɗan ne, wajen abu bakwai, kuma a 2001 Nelson Cowan ya kawo hujjar cewa adadin ya fi kusa da huɗu. A kan wannan iyakar John Sweller ya gina ra'ayinsa na nauyin fahimta a 1988, wanda ke cewa duk ƙarfin da ƙwaƙwalwa ta kashe wajen fama da yadda aka gabatar da abu, an rage shi ne daga wanda za ta kashe wajen fahimtar abin kansa. Jadawalin da ya dusashe misali ne a fili: lambar da ya kamata ta tsaya a allo ido ya koma mata kyauta, an mayar da ita kaya a kan mai kallo. A 2002 Barbara Tversky tare da Julie Morrison da Mireille Bétrancourt suka bi nazarce-nazarcen da aka yi na kwatanta hoto mai motsi da tsayayye, suka lura cewa a wurare da yawa da aka ce mai motsi ya fi, ko dai ya ƙunshi ƙarin bayanin da tsayayyen bai da shi ne, ko kuma an ba mai kallo damar sarrafa shi. Sun kuma yi nuni da cewa motsi yakan yi sauri ko ya cika rikitarwa har ido ya kasa kama shi, kuma mutane sukan fahimci abu mai gudana ne a matsayin matakai rarrabe. Wani bincike da Stephen Mahar da abokan aikinsa suka wallafa a 2009, daga Jami'ar Arewacin Karolina da ke Wilmington a Amurka, ya taɓa PowerPoint kai tsaye, inda ɗaliban da suka kalli darasi a shafuka marasa motsi suka fi waɗanda suka kalli mai motsi tuna abin da aka koyar.

Ba a nan maganar ta ƙare ba, domin akwai hujja a ɗaya ɓangaren. Richard Mayer, wanda ya daɗe yana nazarin koyo ta hanyar haɗa hoto da magana, ya nuna amfanin yanka bayani mai nauyi gunduwa-gunduwa, da amfanin sa alama a kan abin da ake son ido ya kalla. Fito da taswira mai cunkoso kaɗan-kaɗan yana iya shiga ƙarƙashin wannan. Sai dai a 2003 Slava Kalyuga da Sweller da wasu abokan aikinsu suka bayyana wani abu da ya shafi lamarinmu ƙwarai, cewa taimakon da ke amfanar sabon shiga yakan rasa amfani, har ya zama cikas, idan mai kallo ƙwararre ne. 'Yan kwamitin jarrabawar ƙwarewa ba ɗalibai ba ne. Sun fi mai gabatarwa daɗewa a fagen, kuma sun riga sun karanta rahotonta. Wanda ya shekara da shekaru yana duba taswirar bututu ba ya buƙatar kibiya mai tafiya ta gaya masa ruwa yana barin tanki ne ya nufi gidaje.

Inda manyan biyu suka saɓa

Bayan zaman, babban cikinsu ya ce a cire motsin gaba ɗaya, kada a bar ko ɗaya, a huta. Hujjarsa ita ce, bai taɓa jin an ƙara wa wani maki saboda rubutunsa ya shigo da kyau ba, amma ya sha ganin wanda na'ura ta kunyata. Ɗayan bai yarda da wannan ɗungurungum ba. A ganinsa taswirar shafi na 6 daban take, domin idan aka zuba iyakokin shiyyoyi, da mitoci, da wuraren yoyo, da sababbin bawul a kan hoto ɗaya, za a samu cakuɗe ne da ko ita kanta sai ta ƙura ido kafin ta rarrabe. Ya ƙara da cewa jerin da abubuwan suka faru a cikinsa shi ne hujjar cewa ta yi tunani irin na injiniya: ba ta sa bawul ba sai da ta auna, ba ta auna ba sai da ta raba yankin. Idan aka ɓatar da jerin, an ɓatar da wani abu da kwamitin ke nema.

A nawa ganin, kowannensu ya riƙe rabin gaskiyar, amma na biyun ya fi kusa da gane inda layin yake. Tambayar da ta raba motsin da ya cancanta da wanda bai cancanta ba ita ce, shin abin da ake nunawa shi kansa ya canza a zahiri, ko kuwa ana motsa shi ne don kada shafin ya zauna shiru? Yankin bututun ya canza daga mataki zuwa mataki, don haka nuna shi yana canzawa faɗin gaskiya ne. Layin rubutu kuwa bai taso daga hagu ba a duniyar gaske, shigowarsa daga can ba ta ɗauke da wani labari. Jadawalin biyu kuma, ko da yake ɗaya ya riga ɗaya a lokaci, abin da ake so daga gare su kwatanci ne, kuma kwatanci yana buƙatar a ga duka biyun tare. Wannan na ukun shi ne ya fi yaudara, domin mutum yana iya kare shi da cewa ai kafin da bayan jeri ne.

Abin da ya yanke gardamar bai fito daga ɗayansu ba. Da ta koma ta sake karanta takardar ƙa'idojin jarrabawar a tsanake, sai ta ga sharuɗɗa biyu da ta wuce su da sauri a karon farko: za a yi zaman ne ta kiran bidiyo, kuma dole ne a aika wa kwamiti kwafin shafukan a matsayin PDF kafin ranar. Ta fitar da fayil ɗin a PDF don ta ga yadda zai kasance. PDF ba ya ɗaukar motsi, yana nuna duk abin da ke kan shafi ne a lokaci guda, har da wanda aka shirya zai fita kafin wani ya shigo. A shafi na 9 jadawali na biyu ya hau kan na farko, layuka sun sarƙe, lambobin gefe sun haɗu sun zama baƙin tabo. Shafi na 11 ya fi muni. Wannan ne 'yan kwamitin za su buɗe a kwamfutocinsu kafin su taɓa ganin fuskarta. Kiran bidiyo ma yana da nasa cikas, domin idan ana raba allo ta intanet hoton yakan iso wa mai kallo a makare kuma a yanke-yanke, motsin da ke sulɓi a allon mai gabatarwa sai ya zama tsalle-tsalle a na mai kallo, murya kuma ta riga hoto isa.

Gyaran da aka yi

Duk motsin rubutu ta cire shi, ta kuma rage rubutun kansa, domin da layukan suka fito gaba ɗaya sai ta ga cewa yawansu ne tun farko ya sa ta ji buƙatar ɓoye su. Wannan abu ne da ya cancanci a lura da shi a kowace gabatarwa: sau da yawa fito da rubutu layi-layi magani ne da ake yi wa shafin da ya cika, alhali rage kayan ya fi sauƙi. Jadawalin biyu ta ajiye su gefe da gefe a kan ma'auni ɗaya, ta rubuta yawan raguwar a saman kowace shiyya. Jerin matsi na awa 24 ta mayar da shi zane ɗaya mai layi biyu, na kafin sa bawul da na bayansa, wanda ya nuna a kallo guda yadda matsin dare ya sauka. Ɗigon nan mai ƙyaftawa ya zama da'ira ja tsayayya. Ko ba don jarrabawa ba gara haka, tunda ƙa'idojin sauƙaƙa amfani da shafukan intanet na W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin shafukan intanet, sun hana abin da ke walƙiya fiye da sau uku a daƙiƙa saboda masu farfaɗiya, kuma ko wanda bai kai haka ba yana janye ido daga mai magana muddin yana allo.

Taswirar kuwa ta bar mata matakanta, amma ba da motsi ba. Ta mayar da ita shafuka huɗu a jere: bututun yadda yake, sannan da iyakokin shiyyoyi da mitoci, sannan da wuraren yoyo, sannan da bawul. Yadda ta yi su yana da muhimmanci. Ta fara gina shafi na ƙarshe cikakke, ta kwafe shi sau uku, sannan ta riƙa goge abubuwa tana komawa baya, ta yadda taswirar ba ta gusa ko da ɗan kaɗan daga shafi zuwa shafi. Idan aka danna, ido ba ya ganin an canza shafi, yana ganin an ƙara abu ne a kan wanda ke nan. A kowane mataki ta dusashe launin abin da aka riga aka yi bayaninsa, sabon kuma ta ba shi launi mai ƙarfi. Ta yi tunanin haɗa shafukan da sauyin Morph, wanda ke tafiyar da abu a hankali daga matsayinsa a wani shafi zuwa matsayinsa a na gaba, irin abin da Magic Move ke yi a Keynote, manhajar gabatarwa ta kamfanin Apple, amma ta bar shi, domin tsofaffin nau'o'in PowerPoint ba su san shi ba, kuma a nan babu abin da ke buƙatar gusawa.

Shafukan sun ƙaru zuwa 17, amma dannawa ta ragu daga wajen 70 zuwa 16, kowace dannawa shafi guda. Da farko ta so ta sa wa shafukan taswirar lamba 6a da 6b da sauransu, sai na biyun manyan nata ya hana ta, ya ce ta bar lambobin su tafi a jere, domin lambar da ke ƙasan shafi ta yi daidai da wadda PDF ke nunawa da kuma wadda manhajar ke ƙirgawa. Amfanin wannan shi ne, a PowerPoint idan ana cikin haskawa, mutum yana iya buga lambar shafi ya danna maɓallin shigarwa (Enter) ya faɗa kan shafin kai tsaye. Ta buga jerin lambobin da kanun shafukan a takarda ta ajiye kusa da kwamfuta. Da ta sake gwadawa, ta kammala da sauran kusan minti ɗaya.

Akwai abin da aka rasa, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Jerin matsin da ta cire yana da kyaun gani, kuma da masu sauraro sababbin ma'aikata ne da ake koya wa dalilin da ya sa bututu ya fi fashewa da dare, da ya yi musu amfani, musamman idan ana iya tsayar da shi a maimaita. Haka kuma akwai jarrabawar da motsin kansa ne abin tambaya, kamar ta shaidar ƙwarewa a manhajojin ofis ta Microsoft, wadda ɓangarenta na PowerPoint ya ƙunshi sa motsi da sauyin shafi da daidaita lokacinsu. Wanda ke shirin irin wannan, hukuncin da aka yanke a nan bai shafe shi ba. Ko a jarrabawar da za a haska daga kwamfutar mai gabatarwa a ɗaki ɗaya da kwamiti, ba laifi a bar abu ya bayyana nan take da dannawa a shafi ɗaya ko biyu, muddin babu abin da ke ɓacewa kuma babu abin da ke tafiya da kansa. A lamarin wannan injiniya, sharaɗin PDF ne ya sa ko wannan ɗin bai dace ba.

Ranar jarrabawar, kwamitin bai katse ta ba sai da ta gama. Tambaya ta farko ta fito ne daga wanda ya riga ya buɗe PDF ɗin a gabansa, ya ce ta koma shafi na 8, inda wuraren yoyo suke, ya tambayi dalilin da ya sa ta fara da shiyya ta uku alhali ta biyu ta fi yawan ɗigo ja. Ta buga 8, shafin ya fito cikakke, ta amsa cewa yawan wuraren yoyo ba shi ne yawan ruwan da ke zuba ba, sannan ta buga 12 ta nuna jadawalin biyu gefe da gefe, inda awon dare na shiyya ta uku ya fi na kowace shiyya tun kafin gyara. Daga nan tambayoyin suka koma kan yadda ta tabbatar cewa rage matsi bai hana ruwa isa gidajen da ke kan tudu ba, da yadda ta shawo kan ma'aikatan da ba su so aikin dare ba, kuma a kan waɗannan aka shafe mafi yawan lokacin da ya rage. An yi mata rajista. Takardar sakamakon ta yaba yadda ta kare zaɓin shiyya ta uku, ta kuma shawarce ta ta ƙara zurfafa iliminta a kan lissafin kuɗin kula da bawul na tsawon shekaru.